Yadda Ake Tuƙa Siririn Jirgi da Wuce Lok a Kanal-Kanal na Ingila Lokacin Bazara

A Ingila da Wels akwai hanyoyin ruwa na cikin ƙasa kimanin mil 2,000 a hannun Canal & River Trust, hukumar da ta karɓi ragamarsu a 2012. Yawancinsu kanal ne da aka haƙa da ƙarfin hannu tun daga shekarun 1760, domin dakon kwal da ƙarfe da tangaran, doki yana jan jirgi daga hanyar da ke gefe. Yanzu masu hutu ne suka gaje su. Duk baligi zai iya hayar jirgi ya tuƙa da kansa ba tare da lasisin tuƙi ba. Kamfanin haya zai nuna maka abubuwa na ɗan lokaci, ya miƙa maka makulli, shi ke nan. Wannan sauƙin shi ne abin tsoron, domin tuƙin ana koyonsa a yini guda, amma lok, wato matakalar ruwan da ke ɗaga jirgi ko sauke shi a inda ƙasa take da tudu, yana iya nutsar da jirgi kafin mutum ya gama tunanin abin da ke faruwa.

Jirgin da hanyar

Faɗin siririn jirgi ƙafa 6 ne da inci 10, saboda ƙananan lok faɗinsu ƙafa 7 ne kacal. Tsawonsa yana kaiwa ƙafa 70, amma dogon jirgi ba ko'ina yake shiga ba. Lok ɗin kanal na Leeds da Liverpool, tsakanin Leeds da Wigan, ƙafa 62 suke ɗauka, na Calder da Hebble kuma ba su kai haka ba. Shi ya sa ake yawan ƙera jirage masu ƙafa 57. Kafin ka biya kuɗin haya, ka tambayi tsawon jirgin ka gwada da hanyar da ka zaɓa.

Lissafin tafiya kuwa ga yadda ake yinsa: ka haɗa yawan mil da yawan lok, ka raba uku, abin da ya fito shi ne awannin da za ka ci a hanya. Zagayen da ake kira Four Counties yana da mil 110 da lok 94. Jimla 204, a raba uku, awa 68. Ƙwararru suna yinsa ƙasa da haka, amma ga sabon shiga mai mako ɗaya, wannan wahala ce, ba hutu ba. Awa biyar zuwa shida a rana ya isa. Wanda yake son ya saba da tuƙi kafin ya haɗu da lok, kanal na Ashby yana da mil 22 ba lok ko ɗaya. Na Llangollen yana da lok 21 a tsawon fiye da mil 40, kuma a kansa ne gadar ruwa ta Pontcysyllte take, wadda aka buɗe a 1805, tsayinta mita 38 a saman Kogin Dee. Sai dai a watan Yuli da Agusta cunkoso yake yi sosai.

Kayan da ba a barin tasha sai da su: sifanar lok aƙalla biyu, wato ƙarfe mai lanƙwasa kamar sifanar kwance tayar mota, wanda ake juya injin murfin ruwa da shi; makullin hukumar na buɗe famfo da banɗaki da wasu gadoji; igiya uku, ta gaba da ta tsakiya da ta baya; turakun ƙarfe da guduma; doguwar sanda; tayar ceto; rigar ceto ga yara da duk wanda bai iya iyo ba. Takalmi ya zama mai kama ƙasa. Silifas a bakin lok ganganci ne.

Duban safe

Kafin a tayar da inji kowace safiya, a duba baƙin mai da ruwan inji. Sannan a kashe komai, a zare makulli a sa a aljihu, a buɗe ƙyauren da ke saman farfela a bayan jirgi, a zura hannu a cire ciyawa da leda da guntun igiya da suka naɗe. A bazara ciyawar ruwa tana yawa, wani lokaci sai an yi haka sau biyu ko uku a rana. Alamar farfela ta naɗe abu: jirgi ya rage gudu alhali inji na ƙara, sandar tuƙi na karkarwa, hayaƙi ya yi baƙi. Ka fara gwada ba shi ribas na ɗan lokaci, sau da yawa abin zai warware. In an buɗe ƙyauren, a mayar da shi a ɗaure tam, a sa giya a leƙa a ga ko ruwa na tsartuwa. Ƙyauren da bai ɗauru ba farfela za ta riƙa watso ruwa ta cikinsa zuwa ɗakin inji, kuma jirage sun sha nutsewa ta wannan hanya. Da yamma bayan an tsaya, a murɗa famfon giris na sandar farfela har ya yi tauri, don kada ruwa ya riƙa ɗiga cikin dare.

Tuƙi

Sandar tuƙi tana baya, kuma a juye take aiki: ka tura ta dama, goshin jirgi ya yi hagu. Jirgin yana juyawa ne daga tsakiyarsa, saboda haka duk lokacin da goshi ya karkata gefe ɗaya, baya yana shara ɗaya gefen. Ka tsaya a gaban sandar, ba a gefenta ba, domin in faffadan ƙarfen tuƙi da ke ƙarƙashin ruwa ya bugi wani abu, sandar za ta fizgo da ƙarfin da zai jefa mutum ruwa, dab da farfela.

Babu birki. Jirgi mai nauyin tan 15 zuwa 20 ana tsayar da shi da ribas ne, kuma a ribas kusan ba ya jin tuƙi. Dabarar ita ce ka rage gudu tun daga nesa, ka ba shi ribas, in ya karkace ka ba shi totur gaba na daƙiƙa biyu ka gyara shi. Iyakar gudu mil 4 ne a awa, amma a zahiri mil 3 ake yi. Kanal ba shi da zurfi, tsakiyarsa ne kawai ke da ɗan dama, kuma in ka matsa wa inji, bayan jirgin zai nutsa ya riƙa jan ƙasa, ka ƙona man banza. In ka ga igiyar ruwanka tana fashewa a gaɓa, ka yi sauri da yawa. In za ka wuce jiragen da ke ɗaure, ka sauke totur zuwa ƙarshe tun kafin ka kai su, don ruwan da jirginka ke ja yana iya tumɓuke musu turaku. Hannun dama ake bi in an haɗu da wani jirgi. A gada mai ƙunci, wanda ya fi kusa shi ke fara shiga.

Sassan lok

Lok wani dogon rami ne mai bangon bulo ko dutse, da ƙofa a sama da ƙofa a ƙasa. Kowace ƙofa tana da dogon gungume da ake turawa a buɗe ta. Ruwa yana shiga ko fita ta wasu kafofi masu murfi. Wasu kafofin a jikin ƙofar suke, wasu kuma suna bi ta ƙarƙashin ƙasa a gefen ƙofar sama. Kowane murfi yana da sandar ƙarfe mai haƙora, da ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran ya hana murfin zamewa ƙasa. A ƙarƙashin ƙofar sama, daga ciki, akwai dokin ƙofa, wani dakalin dutse da ya miƙo cikin lok ɗin. In lok ya cika ba a ganinsa. An ja farin layi a bakin bango domin nuna inda ya tsaya. Wannan layin shi ne abu na farko da matuƙi zai nema da idonsa.

Dokar da ke kan komai: ba a buɗe murafun gefe ɗaya sai an tabbatar ƙofa da murafun ɗaya gefen a rufe suke. In ba haka ba, ruwa zai riƙa wucewa kai tsaye, lok ba zai cika ba, zangon kanal da ke saman lok ɗin kuma ya ƙafe.

Hawa

Da farko ka tsaya a matsayar da ke gaban lok, inda aka kafa turaku, ka sauke mai aiki da sifanarsa, ka riƙe jirgi da igiyar tsakiya.

Mai aiki ya je ya duba. In lok a zube yake, ya buɗe ƙofar ƙasa. In a cike yake, ya leƙa gaba tukuna. Idan ga jirgi nan tafe daga sama, nasa ne, a bar shi ya sauko da ruwan. Zubar da cikakken lok a gaban idon mai saukowa rashin ladabi ne, kuma ɓarnar ruwa ce. In babu kowa, ya duba ƙofar sama da murafunta, sannan ya ɗaga murafun ƙasa.

Wajen juyi, ka tabbatar harshen ƙarfen yana kan haƙora kana jin ƙas-ƙas ɗinsa. Ka zura sifana har ta zauna daram, ka juya da hannu biyu, fuskarka nesa da ita. Da ka gama, ka zare ta. Kada ka taɓa barin sifana a jikin injin, domin in harshen ya zame, nauyin murfin zai juya ta da gudun da ke karya hannu ko haƙori, ko ya wurga ta kan wani. Gyale da doguwar riga da yatsun yara, duk a nisanta su daga haƙoran.

Ƙofa ba ta buɗuwa sai ruwan ciki da na waje sun daidaita. Bambancin santimita 5 kawai yana danne ƙofa da nauyin da ya haura kilo 150, saboda haka yin kokawa da ita ɓata ƙarfi ne, bugunta da goshin jirgi kuma lalata ta ne. Ka jingina bayanka da ƙarshen gungumen ka jira. In lokaci ya yi za ka ji ta saki da kanta, sai ka riƙa takawa da baya, dugaduganka na tokare da layukan bulon da aka ɗaga a ƙasa don haka. In ta ƙi saki bayan an daɗe, akwai murfin da ba a rufe sosai ba a ɗaya gefen.

Jirgi ya shiga a hankali. A rufe ƙofar ƙasa, a sauke murafunta. Saukewa ma da sifana ake yi: ka ɗan ɗaga don nauyi ya bar harshen, ka janye shi da hannu ɗaya, ka juya baya sannu a hankali. Sakin murfi ya faɗi da kansa yana fasa shi.

Yanzu aka zo wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Mai aiki ya je ƙofar sama, ya kalli matuƙi, kada ya taɓa komai sai matuƙi ya ɗaga masa babban yatsa. Ya fara da murafun ƙarƙashin ƙasa, ya ɗaga rabi. Murafun jikin ƙofa ba a buɗe su sai ruwa ya rufe bakinsu, don in lok a zube yake, suna sama da goshin jirgi, ruwan zai kwararo kai tsaye cikin farfajiyar gaba ya shiga ɗaki. Ƙofofin gaba na jirgin su kasance a rufe.

A ƙaramin lok, ruwan farko yana tura jirgi baya, can kuma sai ya fizge shi gaba da ƙarfi zuwa ƙofar sama. Matuƙi ya san da wannan, hannunsa na kan totur, yana tarar fizgar da ribas kafin ta yi ƙarfi. Abu biyu zai sa wa ido: kada ƙarfen tuƙin da ke bayan jirgi ya maƙale tsakanin ƙofofin ƙasa, kada kuma goshi ya shiga ƙarƙashin wani katako na ƙofar sama. In goshi ya maƙale ruwa na ci gaba da hawa, baya zai ɗaga, gaba ya nutse. A babban lok mai faɗin ƙafa 14, jirgi ɗaya yana yawo daga bango zuwa bango. A zagaya igiya a turke, matuƙi ko wani ya riƙa janta yana rage tsawonta. A yawancin irin waɗannan lok, in aka fara buɗe murfin ƙasa na gefen da jirgin yake, ruwan zai bugi ɗaya bangon ya dawo ya manne jirgin a wurinsa.

In ruwa ya daidaita, a buɗe ƙofa, a sauke murafu, jirgi ya fita, a rufe ƙofa. Ana barinta a buɗe ne kawai in ga wani jirgi yana jiran shiga.

Sauka

Tsarin ɗaya ne a juye, amma haɗarin ya fi yawa a nan. Jirgi ya shiga cikakken lok, a rufe ƙofar sama da murafunta. Matuƙi ya matsa gaba har bayan jirgin ya wuce farin layin nan, kuma ya ci gaba da riƙe shi a gaba duk tsawon saukar, domin jirgi yana zamewa baya ba a lura ba. In baya ya hau dokin ƙofa, ruwa na janyewa, baya zai tsaya a sama, goshi ya yi ƙasa har ruwa ya shiga ta gaba. Jirgi mai ƙafa 70 a lok mai ƙafa 72 ba shi da sarari, dole goshinsa ya kusan taɓa ƙofar ƙasa, a nan kuma sai a kula kada tayar kariyar goshi ta rataye a jikin ƙofar.

Igiya ba a ƙulla ta a turke yayin sauka, ko kusa. A zagaya ta sau ɗaya a riƙa sassautawa. Igiyar da aka ƙulla za ta rataye jirgi ta karkatar da shi, kuma in nauyi ya hau kanta ba mai iya kwance ta.

In wani abu ya faru, kowane iri ne, maganin farko ɗaya ne: a sauke dukkan murafu nan take. Wannan ne kaɗai lokacin da aka yarda a janye harshen a saki murfi ya faɗi. Ruwa ya tsaya, sannan a duba. In jirgi ya hau dokin ƙofa, a ɗaga murfin sama kaɗan kaɗan har ruwa ya sake ɗauke shi. Saboda wannan ne mai aiki ba ya barin gindin murfi, ba ya duba waya, ba ya juya wa jirgi baya yana hira da 'yan kallo. Tun kafin lok na farko, ku yi yarjejeniya cewa dogon ham yana nufin a rufe komai. In mutum ne ya faɗa, a rufe murafu, a mayar da giya firi ko a kashe inji, a jefa masa tayar ceto, a nuna masa tsanin da ke jikin bango. Kada kowa ya bi shi ciki. Ruwan lok yana da sanyi ko a tsakiyar Yuli, kuma ga zurfi ga juyi.

Jeri da bene

Wasu wurare lok suna jere da ɗan gajeren zango a tsakaninsu. Tardebigge yana da 30, Caen Hill kusa da Devizes 29, Hatton 21. A irin wannan, mutum ɗaya ya riƙa yin gaba yana shirya lok na gaba, don ruwan da aka zubo daga sama ya shiga cikinsa maimakon ya malale ta gefe. A bene kuwa babu zango, ƙofar saman wannan ita ce ƙofar ƙasan wancan, kamar Bingley mai hawa biyar. In za ka hau, na ƙasa ya kasance a zube, sauran duk a cike. In za ka sauka, na sama a cike, sauran a zube. Kuskure a nan yana jawo ambaliya ko jirgi ya zauna a ƙasa. A Foxton, mai lok goma a bene biyu, akwai tafkuna a gefe, kuma murfi mai jan fenti ake fara ɗagawa kafin mai farin fenti. Wuraren nan suna da ma'aikata. Ka je ka ba da sunan jirginka, ka bi abin da suka ce.

Abin da bazara ke kawowa

Ƙaramin lok mai tsawon mita 22 da faɗin mita 2 da ɗoriya da zurfin sauka mita 2 da rabi yana cin ruwa fiye da lita 100,000 a wucewa ɗaya, babba kuma ninki biyu. A kanal da yawa daga madatsun da ke kan tudu yake fitowa, kuma a shekarar fari suna ja baya. A 2018 da 2022 sai da aka rufe sassan kanal na Leeds da Liverpool saboda ƙarancin ruwa. Ka duba sanarwar rufe hanya ta hukumar kafin ka tashi da kuma kowace yamma, don akan taƙaita awannin buɗe wasu lok. A babban lok ka jira wani jirgi ku shiga tare. Aikin ma ya fi sauƙi, jiragen suna tokare juna. In ka tarar da zango ya yi ƙasa, ka bi tsakiya sosai. In ka zauna a laka, kada ka matsa gaba: mutane su koma gefen da ke da zurfi, ka ba shi ribas, a tura da sanda. Ba a sakin ruwa daga sama da yawa ba tare da an kira hukumar ba, don matsalar kawai ake mayarwa kan na baya.

A watan Yuni gari yana wayewa kafin ƙarfe biyar, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Tashi da sassafe shi ke raba ka da layi a bakin lok. Jiragen haya ba a yarda su yi tafiya bayan duhu ba. Matuƙi yana tsaye a fili ba inuwa, saboda haka hula da ruwan sha a kusa da shi. Jikin jirgin ƙarfe ne, yana ɗaukar zafi, a nemi inuwar bishiya da rana. Wanka a kanal kuwa a'a: akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓeraye, tana shiga ta rauni. A rufe duk wani yanka da filasta, a wanke hannu kafin cin abinci, kuma wanda ya faɗa ruwa ya ji zazzaɓi cikin makonnin da suka biyo baya ya gaya wa likita inda ya faɗa.

Tankin ruwa a cika shi kullum ko bayan kwana biyu. Inji yana shan kimanin lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na man dizal a awa, kuma tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce ke cika batura. Wajen kwana, a ɗaure a gefen hanyar dawakai, nesa da lok da gada da kwana da wurin juya jirgi. Igiyar gaba ta yi gaba, ta baya ta yi baya, kowace a karkace kamar digiri 45, kada wata ta gitta hanyar masu tafiya. A rataya farar leda a kan turaku don masu keke. Ba a tayar da inji a matsaya tsakanin takwas na dare da takwas na safe. Ba a gasa nama a kan jirgi, ba a shigar da garwashi ciki ko ya yi kamar ya mutu, saboda iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari. A duba cewa na'urar gargaɗinta tana aiki tun ranar karɓar jirgi.

In hanyarka ta bi ta kogi, dokoki suna canzawa. A mashigar kogi akwai allo mai kore da ruwan ɗorawa da ja. In ruwa ya kai ja, ba a shiga, ko da rana ake ƙwalla, domin ruwan saman da aka yi a nesa ne ke cika shi. A kogi ana juyowa a fuskanci ruwa kafin a tsaya, anga kuma tana ɗaure a shirye. A Kogin Thames hukumar muhalli ce ke da iko, lasisinta daban, kuma a cikin lok ana kashe inji a riƙe jirgi da igiya biyu, gaba da baya.